Maigida Oksijin da Matansa Biyu

Teburin mai shayi ne a Bauchi Road cikin Jos, wajen ƙarfe bakwai na safe a watan Disamba, irin sanyin nan da ko gaisawa za ka yi da mutum sai ka yi shawara kafin ka fito da hannu daga aljihu. Alhaji na kan benci da shayinsa mai kauri, Ɗan Boko yana jiran indomi da ƙwai, Bakanike ya tsugunna bakin kwata yana dirzar hannu, Ga-ruwa kuma ya jingine kurarsa yana jiran kuɗin jarka biyu.

BAKANIKE: Kai Ga-ruwa, wallahi ruwanka jabu ne. Buta guda na ƙarar amma baƙin man nan ko gezau.

GA-RUWA: Injiniya ka ji tsoron Allah, tun asuba nake layi a burtsatse, ta ina ruwa zai zama jabu? Hannunka ne dai ya riga ya zama kwalta.

ƊAN BOKO: Ba laifin ruwansa ba ne Injiniya, ko na kwalba ka zuba haka za ka gani. Ruwa da mai ba sa shiri, kuma rigimar daga cikin gidan ruwa ta samo asali.

MAI SHAYI: To fa, Farfesa ya farka. Ruwa har gida gare shi?

ƊAN BOKO: Sosai ma. Idan ka yi ta raba ɗigon ruwa, ka raba ka ƙara rabawa, ƙarshe za ka iso wata ƙwaya da idan ka fasa ta ta tashi daga ruwa. A cikinta mutum uku ne, oksijin ɗaya, haidurojin biyu, shi ne H2O ɗin da kuke gani a rubuce. Kuma ƙanana ne na fitar hankali, giram 18 na ruwa, cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗoriya, yana ɗauke da ƙwaya 6 da sifili 23 a bayanta.

GA-RUWA: Sifili nawa? Kuma nake sayar da jarka guda a wulaƙance? Mai Shayi daga gobe da ƙwaya zan riƙa sayar maka.

ALHAJI: Dakata yaro. Ɗaya da biyu ka ce? Wannan ai maigida ne da matansa biyu.

ƊAN BOKO: Yauwa Alhaji, ka sauƙaƙa min. Maigida oksijin, uwargida da amarya haidurojin. Abin da ya haɗa su jari ne, sunan kuɗin elektaron. Kowace mata ta zo da ɗaya tal, shi kuma maigida shida gare shi a aljihun waje, takwas yake nema hankalinsa ya kwanta. Sai aka yi yarjejeniya, uwargida ta sa ɗaya ya sa ɗaya, amarya ma haka, a ce na kowa da kowa ne.

ALHAJI: Madalla. Gida na gari kenan.

ƊAN BOKO: A takarda ba. Da aka tashi sai maigida ya janyo kuɗin nan kusa da aljihunsa, bai ƙwace duka ba balle a kai shi ƙara, amma kusan kullum a wajensa suke kwana, matan sai dai su leƙa su gani.

(Alhaji ya ajiye kofi a hankali.)

ALHAJI: Yaro, a wace unguwa kake?

ƊAN BOKO: Unguwar Rogo, Alhaji.

ALHAJI: Na sani. Wa ke kai maka maganar gidana?

ƊAN BOKO: Wallahi Alhaji kemistiri ne, a aji aka koya mana. Har ma'auni aka yi wa ƙarfin jan. Wani Ba'amurke Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel a 1954, shi ya tsara shi. Oksijin 3.44, haidurojin 2.20. Duk cikin sinadarai fulorin kaɗai ya fi oksijin son kai.

MAI SHAYI: Wato Bature ya zauna ya auna rowa da sikeli, har aka ba shi kyauta. Da ya zo teburin nan ya auna masu cin bashi da tuni ya ci ta biyu.

ƊAN BOKO: Ai ya ci ta biyun, ta zaman lafiya ce ta 1962. To tunda elektaron cajinsu negatib ne, gefen maigida sai ya zama ɗan negatib, gefen matan ɗan fozitib.

BAKANIKE: Kamar kan batir kenan, ja da baƙi.

ƊAN BOKO: Shikenan Injiniya ka gama kwas ɗin. Gida ɗaya, kai biyu.

ALHAJI: A'a, ku tsaya. Mai kuɗin ne negatib? Waɗanda aka bari hannu rabbana su ne fozitib? Kai boko komai nasa a juye yake.

GA-RUWA: Ashe ni fozitib ne tun haihuwa ban sani ba.

ƊAN BOKO: Ku bari ku ji inda abin ya fi daɗi. Da maigida ya zauna a tsakiya, uwargida a dama amarya a hagu a miƙe sak, da jan ya soke juna, gidan ba shi da gaba ba shi da baya. Haka iskar da muke fitarwa take, CO2, a miƙe take sambal shi ya sa ba ta da kai biyu. Amma ruwa a karye yake kamar gwiwar hannu, kusurwar da ke tsakanin matan digiri 104.5 ce.

ALHAJI: Me ya hana su zama nesa da juna? Ai ya fi zaman lafiya, ni ka ganni ɗaya na Gangare ɗaya na Nasarawa.

ƊAN BOKO: Saboda ɗaki huɗu ne a gidan. Biyu matan ke ciki, biyun da suka rage maigida ya zuba sauran elektaron ɗinsa huɗu, bibbiyu a kowane ɗaki ya kulle. Kuma ɗakunan nan da ba matar kowa a ciki sun fi cin fili, su suka matse uwargida da amarya gefe ɗaya. Da an raba daidai 109.5 za a samu, matsin ne ya rage biyar.

ALHAJI: (ya gyara zama, fuska ta saki) Wato har yanzu yana da gurbi biyu.

MAI SHAYI: Alhaji abin da ka ji kenan duk cikin bayanin?

ALHAJI: Kai dai ƙaro min madara. Ci gaba yaro, wannan oksijin ɗin mutum ne mai hangen nesa.

ƊAN BOKO: To matan da aka bari ba ko sisi ya za su yi? Sai leƙe maƙwabta. Wannan ta miƙa hannu ta katanga wajen ɗakin ajiyar gidan kusa, shi ma wancan gidan matansa suna leƙen na gaba, kowane gida yana iya riƙe maƙwabta har huɗu, biyu da yake nema wajensu biyu da suke nema wajensa. Ba aure ba ne, riƙo ne sako-sako, yanzu a kama yanzu a saki, amma da yake duk garin haka ake yi sai ya zamana kowa na maƙale da kowa.

GA-RUWA: Wannan ai layinmu ne. Ana bina ina bin wani, ba mai iya tashi daga unguwar.

ƊAN BOKO: Wallahi haka ne, shi ya sa ruwa ke wahalar tafasa, sai ka ƙona gawayi ka tsinke riƙon kafin su tashi su zama tururi. Ka duba ɗan'uwansa H2S, an cire oksijin an sa salfa, shi salfa ba shi da ƙarfin jan nan, ba wani riƙon kirki tsakanin gidaje, tun a digiri 60 ƙasa da sifili ya tafasa ya bi iska. Shi ne warin ruɓaɓɓen ƙwai.

MAI SHAYI: Kai kai kai, kar ka kawo min wannan maganar gaban kwastoma. Ƙwaina na jiya ne.

ƊAN BOKO: Ni ban ce naka ba. Shi dai ruwa sai digiri 100, a bakin teku kenan irin Legas. Nan Jos da muke sama da mita 1,200 iska ba ta danne shi sosai, wajen 96 yake tafasa.

ALHAJI: Au! Wato shekara da shekaru ana sayar min da shayi saura huɗu?

MAI SHAYI: Alhaji dutse ne ya ci huɗun, ba ni ba. Farfesa, indominka ta koma ta jiran layi.

BAKANIKE: Duk kun bar ni da hannu a sanyi. Ina ruwan auren oksijin da baƙin maina?

ƊAN BOKO: Ina zuwa. Zuba gishiri a ruwa, shi dama rabe yake, sodiyam fozitib kulorayid negatib, nan da nan masu gida su yanyame sodiyam, mata su yanyame kulorayid, a yi ta ja har ya watse. Suga ma yana da 'yan hannayen da ruwa ke kamawa, shi ya sa cokali uku na Alhaji ke ɓacewa.

ALHAJI: Biyu da rabi.

ƊAN BOKO: Shi kuwa mai, kabon da haidurojin ne, rabonsu kusan daidai yake ba mai cutar wani, ba gefen mai kuɗi ba gefen talaka. Ruwa ya zo ya shafa ya rasa inda zai kama, sai ya koma wajen 'yan'uwansa su matse shi waje.

GA-RUWA: Allah sarki. Wanda ba ya ci ba ya bayarwa ai dama ba ya samun jama'a.

ƊAN BOKO: Shi ya sa fetur ke wanke maka hannu, danginsu ɗaya da giris. Kuma shi ya sa idan fetur ya kama wuta ba a watsa masa ruwa, hawa kansa zai yi ya bi shi yana ci, yashi ake nema.

BAKANIKE: Wannan ko yaron shagona ya sani. Omo fa? Shi ɗan wane gida ne?

ƊAN BOKO: Ƙwayar omo kai gare ta da doguwar wutsiya, kan na son ruwa, wutsiyar na son mai. Sai ya soka wutsiya a cikin man ya bar kai a waje, su taru su kewaye ɗigon, ruwa ya ga kawuna kawai ya ɗauka 'yan gida ne ya kwashe su gaba ɗaya.

ALHAJI: Dillali kenan. Ya ci nan ya ci can. Irinsu ne suka haɗa ni da amarya.

(Mai Shayi ya miƙa wa Bakanike ɗan ƙullin omo, sai ga kumfa baƙa wuluk tana gangarawa kwata.)

GA-RUWA: To Injiniya, ruwan nawa ya daina zama jabu?

BAKANIKE: Dillalin ne ya yi aiki.

(Wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya duba, ya kifa ta a cinya. Ta sake yi.)

MAI SHAYI: Ɗauka mana Alhaji. Gangare ce ko Nasarawa?

ALHAJI: (ya kara a kunne) Na'am Hajiya... a'a ban manta ba... wace maƙwabciya?... mudu nawa kika aro?... To ita ma amaryar? Ina zuwa, ina zuwa.

(Ya miƙe yana laluben aljihu, ya ƙura wa Ɗan Boko ido.)

ALHAJI: Wannan Baturen naka, ka tabbata bai taɓa zama a Jos ba?

ƊAN BOKO: Ya rasu tun 1994, Alhaji.

ALHAJI: Hmm. Mai Shayi rubuta, sai na dawo.

MAI SHAYI: Na rubuta, 3.44. Kai kuma Farfesa kuɗin indomi a hannu, nan teburin ba a riƙo sako-sako.