Da Paro ya je gidanmu, da Iya ta sa an fitar da shi

A gidan kula da tsofaffi da nake aiki a nan Ingila akwai wata tsohuwa da hankalinta kan tashi da zarar la'asar ta yi. Sai ta ɗauki jakarta ta tsaya bakin ƙofa, wai za ta je ɗauko yara daga makaranta. Yaran nan kuwa yanzu su ma suna da jikoki. Ba rarrashin da ba mu yi ba. Abin da yake zaunar da ita shi ne a ɗora mata Paro a cinya.

Paro mutum-mutumi ne mai farin gashi mai laushi, an yi shi da siffar jaririn wata dabbar teku ta yankin ƙanƙara. Wani injiniya ɗan Japan, Takanori Shibata, shi ya ƙera shi. Nauyinsa bai kai kilo 3 ba. In ka shafa shi sai ya lumshe ido ya yi ɗan kuka, in ka yi magana ya juyo da kai. Cajinsa ma ta baki ake yi, da abu mai kama da abin tsotson jarirai. Da gangan aka guji yi masa siffar kyanwa ko kare, don kowa ya san su, nan da nan zai gane na jabu ne. A 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin kayan jinya, kuɗinsa kuma dubban daloli ne.

Ranar da na fara ganinsa, raina ya ɓaci. Na ce wannan ai wulaƙanci ne, mutum ya haifi 'ya'ya ya raine su, ƙarshe a haɗa shi da 'yar tsana mai batir. Na tuna kakata, Iya, da gigin tsufa ya kama a gidanmu. Ba ta taɓa wuni ita kaɗai ba. Jikoki na tsokanarta tana korar su da mafici, maƙwabta na leƙowa gaisuwa, ladan ya kira salla ta nemi buta ko da ta manta sunan mai miƙo mata.

Sai dai da na daɗe a aikin nan, na tuna sauran labarin da ba mu cika faɗa ba. Wa ke wanke Iya? Matar kawuna ce, ita kaɗai, shekara da shekaru, ga girki ga goyo. Iya ta yi ta zarginta da satar mata goro da kuɗi, ita kuma ta shiga ɗaki ta yi kuka. Akwai lokacin da aka riƙa sa wa ƙofar zaure sakata don kada Iya ta fice. Ba wanda ya ce cuta ce ta ƙwaƙwalwa, cewa ake "tsufa ne". A wasu gidajen ma har mayya ake kiran irin waɗannan tsofaffi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da wannan lalura, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe irin namu suke, masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi.

Shi ya sa na daina raina Paro. Tambaya ɗaya in an yi masa sau hamsin ba ya ƙosawa, ni kuwa a awa ta goma sha ɗaya ta aiki, wallahi muryata kan canza. Inda nake ja da baya shi ne in aka mai da shi dalilin rage ma'aikata. Japan, inda kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65, rashin hannu ne ya kai su ga wannan. Kuma tsohuwar tamu, na lura, ta fi sakewa in na zauna kusa da ita muna shafa shi tare. Tana ba shi labari, amma ni take kallo ta ga ko na yi dariya.

Iya dai ba za ta karɓe shi ba, za ta ce wane irin abu ne wannan mai ido kamar na aljani. Abin da ke kwantar mata da hankali shi ne a ba ta faifai da ɗan wake ta yi ta tsinta. Makon jiya na gwada miƙa wa tsohuwar nan kwandon tawul ta ninke min, Paro na gefe yana caji. Ta ninke su tsaf, ta warware, ta sake ninkewa har aka kawo abincin dare.