Mafin Mai Jego

Ranar da na cika kwana 26 da haihuwa na ɗauko wani siket na atamfa da na ɗinka kafin ciki, na ce bari in gwada. Ya wuce gwiwa da ƙyar, ya zo ƙugu ya ja birki. Na ja numfashi, na matse ciki, na karanto abin da ya sawwaƙa, zif ɗin ya ɗan hau ya tsaya cak. Gwaggo tana bakin gado tana jijjiga jaririya, ta dube ni ta ce, "Alhamdu lillahi, jego ya karɓe ki."

Gwaggo yayar Babanmu ce. Daga Bauchi aka ɗauko ta takanas ta zauna da ni a nan unguwar Rikkos har in yi arba'in, ta kuwa zo da dokokinta a ƙulle cikin ɗankwali. Da asuba, cikin sanyin Jos na Disamba da ko kare ba ya fitowa, za ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta yi ta fyaɗa min. Ina fitowa ga kunun kanwa cike da jug, ga farfesun ƙauri, ga gasasshen nama ya sha yaji. Na gaya mata malamar asibiti ta ce in rage kanwa, wai tana hawar da jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Gwaggo ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Ita malamar nawa ta haifa?" Na ce ban tambaya ba. Ta ce, "Ni tara. Shanye."

Duk wadda ta taɓa shayarwa ta san ƙarfe uku na dare. Hannu ɗaya na tallafe da yarinya, ɗayan na latsa waya don kada barci ya kwashe ki. A nan na ci karo da wata Baturiya a YouTube, kicin ɗinta fari tas, jaririnta na barci kamar an biya shi, tana gasa wani ƙaramin kek mai suna mafin. Ba suga, ba bota, sai ayaba da karas da zuma. Ta ce shi take ci ta koma yadda take. Na kalli siket ɗina a rataye a ƙusa, na ce gobe in Allah ya yarda.

Da safe na sanar da Gwaggo zan yi mafin. Ta ce, "Mafin wa? Wa ya fi?"

Baturiyar da wani hatsin ƙasarsu ta yi nata, ni kuwa na ce ina zaune a Filato, gidan acca, ba zan je neman na gwangwani ba. Na aiki Maigidan kasuwar Katako ya auno mudu ɗaya, ya biya kasuwar Farin Gada ya sayo karas da ayaba. Kira biyar ya yi min a kan wannan aike, na ƙarshe yana tambaya ko karas mai ganye ko marar ganye. Yaron maƙwabta ya kai niƙa. Abin da bai gaya min ba shi ne, wadda ke gabansa a layi barkono ta niƙa. Na dai yi atishawa biyu da na buɗe robar, na ce mura ce.

Bayan azahar yarinya ta yi barci, Gwaggo ma ta kishingiɗa da carbinta. Na lallaɓa kicin kamar ɓarauniya. Ayaba uku na murƙushe, ƙwai biyu, gurzajjen karas, zuma, ɗan nono, mai kaɗan don kada a ce ba a sa ba, garin acca da ɗan fulawa. Na miƙa hannu saman kanta na ɗauko gwangwanin bakar hoda, hodar nan da ke sa kek ya tashi. Baturiya ta ce ƙaramin cokali biyu. Ni da rabona da barcin awa uku a jere tun ranar suna, na zuba babban cokali biyu, na ƙara rabi don albarka. Na ga hodar ta ɗan yi toka-toka, na ce hasken kicin ne.

Na jera guda 12, na saita oben a kan 180, na tura, na tsaya ina kallo ta gilashi kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Minti bakwai cif aka ɗauke wuta. Unguwa ta yi tsit, yarinya ta tsala ihu.

Gwaggo ce ta cece ni, dole in faɗi gaskiya. Ta leƙo ta ga ina neman kuka, ta ce, "'Yar nan, kafin a haifi wannan akwatin naku da me ake gasa kek ɗin biki?" Ta sa aka ɗebo yashi daga ginin maƙwabta, ta zuba a babbar tukunyar da ake dafa min ruwan wanka, ta ɗora a gawayi. Farantin mafin ya ƙi shiga tukunyar, sai muka kwashe ƙullun da ya soma dahuwa muka juye a gwangwanayen madara. Ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin, ta ce in duba nan da minti ashirin.

Minti ashirin a wurin mai jego ba lokaci ba ne. Na ba yarinya nono, ta ƙoshi, ta mayar da rabi a kafaɗata. Na canza riga, ita kuma ta cika famfas har gadon baya. Na wanke ta, na shafe ta, na sa mata hula biyu da safa saboda sanyi, ta sake neman nono. Ƙauri ne ya tuna min ina da girki.

Ƙasansu baƙi ƙirin. Tsakiya ta lotsa kamar ramukan kuzar da aka bari a hanyar Bukuru. Karas ɗin da na gurza da hannuna, ja wur, ya koma kore shar.

Ina tsaye ina jimami sai ga sallama. Ƙannen Maigidan biyu da matar yayansu, sun zo duba yarinya. Shi kuma bawan Allah, da ya kwana yana alfahari matarsa za ta yi abin Turawa, ya shigo kicin ya ɗauki faranti ya kai musu kafin in buɗe baki. Matar yayan ta gatsa. Ta tauna a hankali, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Masha Allah, amarya. Da zogale kika yi?" Ƙaramar ta naɗe nata a hankici, wai za ta kai wa yara. Ba ta da yara.

Ni kuwa na gyara zama na soma bayani. Na ce ai laifin gari ne. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da nauyi a nan, shi ya sa ƙullu ke saurin tashi ya fashe ya zauna. Wannan gaskiya ne, na karanta. Har na ga Maigidan yana gyaɗa kai, yana jin kuɗin makarantata bai tafi a banza ba.

Sai muryar Gwaggo daga kicin: "Wa ya taɓa min kanwa?"

Ta fito riƙe da gwangwanin bakar hodar. Ashe tun satin da ta zo ta tarar da shi wayam, ta wanke, ta daka farar kanwarta ta zuba. Falon ya yi shiru, sai tarin matar yaya. Daga baya ne na gano cewa in kanwa ko soda ta yi yawa a ƙullu, haka karas ke rikiɗa ya yi kore. A lokacin dai abin da ya zo min shi ne, na guji gara na faɗa gidan zago.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya, ta kankare baƙin da farce, ta kai baki. Muka zuba mata ido. Ta tauna, ta lumshe ido, ta sake gatsa.

"Ga kanwa ta ji, ga yaji," in ji ta. "Ashe Turawa ma suna jego."

Ta janye farantin daga gaban baƙi, ta ture hannun Maigidan, ta ce wannan ba na maza ba ne. Ta juye sauran a kwano ta rufe, ta kai ɗaki ta ajiye kusa da filona. Tun daga ranar, kullum na fito wanka sai in tarar da jug ɗin kunu da koren mafin ɗaya a gefe. Ina jira ta juya ta ɗauki kishiyarta, in cusa shi ƙasan jakar famfas. Saura huɗu a kwanon, ta kuma riga ta aiki Maigidan Katako ya auno wani mudun.