Binciken ya kai bakin rami tukuna

Wani labari da na ci karo da shi ya ce manyan kamfanonin waya da kwamfuta suna fitar da rahoto duk shekara kan inda suke samo zinare da kuza, don kada kuɗinsu ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai. Madalla. Amma dokar da Amurka ta kafa a 2010 kan irin wannan rahoto, Kwango da maƙwabtanta kawai ta shafa, kuma binciken galibi a matatar zinare yake tsayawa.

Mu a Sakkwato wannan ba labarin nesa ba ne, ga Zamfara nan gefenmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda a tsakar gida ake daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma, har a turmin surfe. Ƙura ta sauka kan tabarma da kwanon tuwo, yaro yana rarrafe yana kai hannu baki. Wallahi abin yana ci mini rai har yau.

Irin wannan zinaren ba shi da takarda. Dillali ya ƙulle shi a leda, ya tsallake iyaka, ya ƙare a Dubai. Da zarar an narkar an haɗa da wani, wa zai ce na ƙauyen Bagega da ke Anka ne? Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage a Disamban 2024, amma ba takarda ce za ta raba 'yan bindiga da ramukan ba.

A yi wa masu haƙa rajista, a buɗe wuraren saye masu lasisi da za su rubuta daga wane rami kowane awo ya fito, sannan a riƙa gwada jinin yaran ƙauyukan.