Ƙugun Hajiya 32 Ne

Ranar nuna aiki ce a ƙungiyarmu ta ɗinki da saƙa, kowa ta baje kolinta. Inna ta fito da hular jaririn da ta fara da kwarashi tun yaron yana ciki (yanzu yana aji biyu), Amarya da rigar matashin kai mai surfani, Auta kuma da siket ɗin da Hajiya ta ba ta ɗinki. Hajiya ta shiga ɗaki gwaji. Muka ji shiru, muka ji nishi, can sai muka ji zif ya yi sallama da duniya.

HAJIYA: Auta! Ni kika yi wa ɗinkin nan ko tabarya?

AUTA: Wallahi Hajiya awon da kika rubuto min na bi. Ƙugu 32. Har inci ɗaya na ƙara saboda ɗinki.

HAJIYA: To ai 32 ɗin ne. Ina budurwa 32, na haifi bakwai ina 32, na aurar da huɗu ina 32. Hannunki ne ke rawa a kan almakashi.

MALAMA: Abin bai kai ga faɗa ba, Hajiya. Ɗaga hannu in gwada.

Hajiya ta ja numfashi ta riƙe har idanunta suka yi ja. Malama ta zagaya da tef, ta duba, ta gyara tabarau, ta sake dubawa.

MALAMA: 42.

HAJIYA: Tef ɗinki ya sha wanki ya tsuke.

MALAMA: Na roba ne, Hajiya.

HAJIYA: To rana ce ta ƙona shi. Inna, kawo naki.

INNA: A dai dawo min da shi. Almakashina da aka ara bara har yau yana yawon duniya, na ji ma an ce kwali ake yanka da shi.

Babu wadda ta kalli Hajiya, amma ita ta tsargu ta yi gyaran murya. Aka gwada da na Inna, ya ba da 42 da rabi, don a lokacin numfashin ya ƙwace.

HAJIYA: Na gane, baki kuka haɗa. Hassada ga mai rabo taki ce. Bari ku ga tef na gaskiya.

Ta zazzage jaka, maɓallai da ƙwarƙwaron keke suka watse, ta zaro wani tef ruwan ɗorawa, ta miƙa wa Malama da kanta. Aka zagaya. 32 cif, ko gashi bai ƙaru ba. Ɗaki ya yi tsit. Hajiya ta fara taku ɗai-ɗai tana riƙe da siket ɗin da ya tsaya mata a gwiwa.

HAJIYA: Wa ya ce 42? A maimaita, kunnena bai ji da kyau ba.

AMARYA: Hajiya, ara min in gani. Malama, shimfiɗa naki kusa da shi. Kun gani? Tsawonsu kusan ɗaya, wajen santimita 150, amma namu ya ƙare a 60, na Hajiya a 45.

HAJIYA: Nawa ba ya son surutu ne.

AMARYA: Ba inci ba ne a jikinsa, Hajiya. Awon mutanen Sin ne, tsun suke ce masa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, shi kuwa tsun ya ɗan haura 3.3. Juya bayansu ki gani, duka biyun wajen 107 suka ba ki. Auta ta yanka 32 na inci, santimita 81 ke nan.

HAJIYA: Yarinya, ke da aka kai ki ɗaki shekaran jiya, yau ke ce mai yi min santimita? Mutum sama da biliyan ɗaya ne za su taru su yi ƙarya a kaina? Su wa suka fara saƙa siliki a duniya?

AMARYA: Su ne.

HAJIYA: Keken Butterfly ɗin da kike takawa, daga ina ya fito?

AMARYA: Shanghai.

HAJIYA: To! Kin yarda da kekensu, kin yarda da allurarsu da zarensu, sai da aka zo kan ƙuguna ne ba su iya lissafi ba?

INNA: Ni dai Hajiya ki ara min shi ranar da za ni sayen yadi. In mai yadi ya ƙirga min 36 da wannan, santimita 120 zan kwaso a maimakon 91. In rama abin da suka daɗe suna yi mana, a ce yadi biyar, ka zo gida ka nemi hannun riga ka rasa.

HAJIYA: Ba na ba da aro.

Inna ta buɗe baki za ta yi maganar almakashi, Malama ta taka mata ƙafa.

AMARYA: Tunda awonsu kika zaɓa, Hajiya, suna da na nauyi ma. Jin sunansa, rabin kilo ne. Mai kilo 90 a wajensu 180 take. In ɗauko sikeli?

HAJIYA: A'a, a fannin nauyi Turawa sun fi su tsoron Allah. Auta, karɓi nan. Ki farke gefe da gefe, ki sa ƙyalle mai kyau, biyar nan biyar nan. Kuma kar in ji wata ta ce ƙari aka yi. Ado ne, yayinsa ake.

AUTA: To Hajiya. Biyar ɗin da wane tef?

Hajiya ta kalli ƙofa, ta kalli taga, ta matso kusa da kunnen Auta.

HAJIYA: Da na Malama. Ki ɗan sake hannu.