Kowa yana tambayar bindiga, babu mai tambayar kare

Tun da na saka hotunan farautar tsuntsun fezan da muka je jihar Dakota ta Kudu, 'yan'uwa mazauna Amurka suke ta turo min saƙo, kuma tambayar ɗaya ce: Malam, wace bindiga zan saya? Har yau ban samu mutum ɗaya da ya tambaye ni batun kare ba. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari in fito fili in yi magana.

Ga waɗanda ba su san tsuntsun ba, fezan dangin makwarwa ne, ya kai girman kaza. Namijin yana da jar fuska, da farin zobe a wuya, da dogon bindi. Asalinsa Asiya. Wani jami'in jakadancin Amurka a Shanghai, Owen Denny, shi ya turo su jihar Oregon a 1881. An saki wasu kusa da garin Redfield a Dakota ta Kudu a 1908, aka buɗe farautarsu karon farko a 1919, kuma tun 1943 shi ne tsuntsun jihar. Ana buɗe lokacin farauta ranar Asabar ta uku a watan Oktoba. Maza uku doka ta ba ka a rana, mace kuwa ba a taɓa ta. Shi ya sa idan tsuntsu ya tashi za ka ji wanda ya fara gani ya ɗaga murya ya ce mace ce, kowa ya sauke bindiga.

Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, fezan ya fi yarda da ƙafarsa a kan fikafikansa. Shekarata ta biyu a wannan farauta, na fita ni da abokina ba kare, a gefen wata fadama cike da kacalla, irin wadda ta cinye dausayin Haɗejia da Nguru. Namiji ya tashi gabana da wannan kukan nasa, na harba, na ga ya faɗo. Kafin in isa wurin babu shi. Gashi kaɗan da ɗigon jini a kan ƙanƙara, shi ke nan. Mun yi fiye da rabin awa muna buɗa ciyawa da hannu. Na karya masa fiffike ya gudu da ƙafa, ya je ya mutu a inda ba zai amfani kowa ba. Wallahi ranar ban ji daɗin abinci ba. Rai ne na ɓata, kuma bindigar da ke hannuna ba ta da laifin komai.

Washegari wani dattijo manomi ya ce mu bi shi. Bindigarsa tsohuwar Remington 870 ce, duk fentin ya goge inda hannu ke riƙewa. Amma yana da baƙar karya, Labrador. Na ga yadda take bin iska, ta je dama ta dawo hagu, ba ta wuce inda harsashi zai kai. Da ta ji ƙanshi sai wutsiyarta ta fara kaɗawa da sauri, dattijon ya ce ku shirya. Wanda na raunata ranar, ta bi shi cikin karan dawa ta ɓace mana, can sai ga ta da shi a baki, da ransa, ko fatarsa ba ta huda ba. Ta ajiye a hannun maigidanta, ya miƙo min, na fuskanci alƙibla na yanka.

Masu ƙyamar kare su koma Suratul Ma'ida, aya ta 4. Allah ya halatta mana abin da horarriyar dabba ta kamo mana idan mun ambaci sunansa. Mafarautanmu na gida ma da karnuka suke shiga daji tun kaka da kakanni.

To, bindigar fa? Ba na cewa ba ta da muhimmanci. Ka zaɓi lamba 12 ko lamba 20, wato ma'aunin faɗin bakin bindigar. Ni na fi son 20, saboda nauyinta bai cika wuce kilo uku ba, kuma wannan farauta tafiyar ƙafa ce tun hantsi har faɗuwar rana. Bindiga mai nauyi da yamma take nuna halinta, lokacin da kafaɗa ta gaji tsuntsu kuma ya tashi ba sallama. Ka ɗora ta a kafaɗa ido rufe, ka buɗe. Idan idonka ya sauka daidai kan doronta, taka ce. Idan sai ka gyara wuya, ka ajiye ta ko da sunan Beretta ko Browning ne a jiki. Matsin bakinta ya zama matsakaici, harsashi mai ƙwaya lamba 5. A filayen gwamnati da yawa an hana harsashin dalma, sai irin na ƙarfe, don haka ka duba dokar wurin tun kana gida. Sannan ka je filin koyo ka harbi faifan yumɓu har hannunka ya faɗa.

Bindiga mai baki biyu ta dala dubbai kyakkyawa ce, ni ma ina sha'awarta. Amma rarar kuɗin nan gara ta tafi wurin ɗan kwikwiyo da horonsa da allurarsa. A cikin karnukan akwai masu tayar da tsuntsu kamar Labrador da Springer, akwai masu tsayawa cak su nuna maka inda yake kamar Brittany da ɗan Jamus mai gajeren gashi.

Na san wani zai ce yana zaune a ɗakin haya, ba wurin kare, iyali ma ba za su yarda ba. Gaskiya ne, ni ma na yi shekaru a haka. Sai ka nemi mai kare ka bi shi, ka sa masa mai a mota, ka sayi abincin karen. Bana ina da tawa karyar, wata goma sha huɗu gare ta, kuma in Allah ya kai mu Oktoba akwai wurin mutum biyu a motata.