Albashin matuƙa jirgi: a duba girman jirgi, amma kada a manta da nauyin aiki

Duk lokacin da wani kamfanin jiragen sama a Amurka ya sayo sabon jirgi mai girma, tun kafin fentinsa ya bushe ake fara ja-in-ja kan nawa za a biya wanda zai tuƙa shi. A can da awa ake biyan matuƙi, kuma kuɗin awar ya rataya ne a kan abu uku: kujerar da yake kai, ta kyaftin ce ko ta mataimaki, shekarun da ya yi a kamfanin, sai kuma irin jirgin. Kyaftin ɗin Boeing 777 ya fi na Boeing 737 kuɗin awa ko da rana ɗaya aka ɗauke su aiki.

Rigimar ta daɗe. A 1946 matuƙan kamfanin TWA sun shiga yajin aiki kan kuɗin tuƙa jiragen nan masu inji huɗu irin su Constellation, waɗanda a lokacin su ne sabbin shiga. A 1999 kuma Delta ta jinkirta karɓar jiragen 777 da ta yi oda, saboda ita da ƙungiyar matuƙa ta ALPA sun kasa daidaitawa kan farashin awa.

A wannan gaɓar ina tare da matuƙa. Jirgin da ke ɗaukar fasinja sama da 300 yana kawo wa kamfani kuɗin da mai ɗaukar 170 ba zai kawo ba, kuma mutanen da ke zaune a gaba su ne ke ɗauke da ran kowa da ke ciki. Idan aikin awa ɗaya ya ƙara riba, me zai hana mai aikin ya samu rabonsa? Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: babban jirgi yana rage yawan sawu, raguwar sawu kuwa raguwar guraben aiki ce. Sannan hannun ƙungiyoyin a ɗaure yake. Dokar ƙwadago ta ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta zuwa jiragen sama a 1936, ta sa yajin aiki ya zama abu mai wuyar gaske: sai hukumar sulhu ta ƙasa ta sallami ɓangarorin, sai an jira kwana 30, bayan haka ma shugaban ƙasa na iya tsoma baki. Haka Bill Clinton ya dakatar da yajin matuƙan American Airlines a 1997, 'yan mintoci da farawa. Zuwan sabon jirgin da babu farashinsa a yarjejeniya yana cikin 'yan lokutan da kamfani ke zuwa teburi da gaggawa. Ba na ganin laifin wanda ya yi amfani da wannan dama.

Inda na rabu da su shi ne ɗaukar girman jirgi a matsayin ma'aunin wahala. Dubi matuƙiyar da ke zirga-zirgar cikin gida. Ta tashi da asuba, kafin dare ta yi sawu huɗu ko biyar, kowanne da nasa tashi da sauka, wani a cikin hazo, wani a gajeren titi mai santsi, tana cin abinci a tsaye tsakanin wannan ƙofa da waccan. Tashi da sauka kuwa nan ne haɗari ya fi yawa. Na doguwar tafiya shi ma yana shan tasa wahalar, musamman rashin barci da rikicewar dare da rana, amma su uku ko huɗu suke tafiya, ana karɓar juna, akwai wurin kwanciya. Wasunsu saukar da suke yi ba ta da yawa, har sai sun koma na'urar kwaikwayon tuƙi don cika ƙa'idar tashi uku da sauka uku cikin kwana 90.

Tsarin yana kuma jawo asarar da kowa ke biya. Kyaftin ɗaya ya cika shekara 65 ya yi ritaya daga 777, sai na ƙasa da shi ya nemi gurbin, na ƙasan wancan ya nemi nasa, a yi ta komawa aji makonni ana koyon sabon jirgi don kawai a bi kuɗi. Matuƙan kamfanin jigilar kaya na UPS ba su da wannan tseren, domin farashinsu ɗaya ne ko wane jirgi mutum yake tuƙawa, sai ya zauna inda ya ƙware.

Abin da ya fi damuna shi ne na can ƙasa. Yarjejeniyoyin manyan kamfanonin sun ƙayyade cewa ƙananan kamfanonin da ke yi musu jigila ba za su wuce jirgi mai kujera 76 ba, don kare ayyukan matuƙan manyan kamfanonin. Hujja ce mai ƙarfi, amma shekara da shekaru matuƙan waɗannan ƙananan jirage sun rayu cikin ƙunci. Haɗarin jirgin ƙaramin kamfanin Colgan kusa da garin Buffalo a 2009, wanda ya ci rayuka 50, shi ya buɗe idon jama'a. Bincike ya ɗora musabbabin ne a kan yadda aka sarrafa jirgin, amma ya kuma nuna cewa mataimakiyar matuƙin ba ta samun ko dala 20,000 a shekara, kuma ta kwana a hanya daga Seattle zuwa Newark kafin ta kama aiki. Albashin wannan rukuni ya ƙaru sosai daga baya, sai dai ƙarancin matuƙa ne ya tilasta hakan.

A 2023 matuƙan Delta sun samu ƙarin kashi 34 cikin 100 a tsawon yarjejeniyarsu, United da American suka biyo baya da makamancinsa. Sun cancanta. Amma ƙarin kaso iri ɗaya ga kowa yana nufin wanda ke sama ya ƙara yi wa na ƙasa nisa a yawan daloli. A zagaye na gaba, ina so in ga ƙungiyoyin sun haɗa jirage masu kama da juna a rukunin albashi ɗaya, sun sa iyaka ga tazarar da ke tsakanin rukuni na sama da na ƙasa, sun kuma nemi a biya wani abu a kan kowace sauka da ta wuce ta uku a rana.