Mayar da hoto PNG ba ya gyara wanda ya riga ya lalace

A shagunan buga katunan biki da allunan talla a Jidda, sau da yawa za ka ji ɗan uwa Bahaushe ya miƙa hoton da aka turo masa ta WhatsApp yana cewa, "Malam, mayar min da shi PNG don ya fito tas." Ba haka abin yake ba.

Irin wannan hoto tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, kuma adadinsu ƙayyadadde ne. JPG, wato nau'in fayil ɗin da hoton WhatsApp kan zo da shi, kan zubar da wani ɓangare na bayanan hoton don ya rage nauyi, WhatsApp kuma ya ƙara matse shi. Idan ka shigar da shi manhajar gyaran hoto kamar Photoshop ko GIMP ka fitar da shi a PNG, wato wani nau'in fayil na hoto, dishi-dishin da matsewar ta jawo zai biyo shi, sai dai fayil ya ƙara nauyi. Farin bayan tambari ma ba zai ɓace da kansa ba, sai an yanke shi.

Hoto mai faɗin ɗigo 1000, idan aka buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, bai kai santimita 9 ba, balle ya cika allon shago. Ka nemi a turo maka asalin fayil ɗin a matsayin takarda, wato "Document" a WhatsApp, don kada a matse shi.